Me ya sa tafiya da dawowa a jirgin sama ba sa cin lokaci ɗaya?

Tsakanin filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan da filin John F. Kennedy da ke New York akwai tazarar kilomita kusan 5,550. Tazarar nan ba ta ƙaruwa kuma ba ta raguwa, ko da bazara ko da hunturu. Amma wanda ya duba tikitinsa zai ga an rubuta masa kusan awa takwas idan zai tashi daga Landan, a dawowa kuma awa bakwai, wani lokaci ma ba ta cika ba. Jirgi iri ɗaya ne, kamfani ɗaya, filayen nan biyu dai. To ina awa guda ta shiga?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar ka san nisa ka san lokaci, sai dai ka raba da gudun jirgi kawai. Wannan lissafi yana kai mutum kusa, amma ba ya kai shi gida. Nisa abu ne da siffar duniya ta riga ta yanke. Lokaci kuwa kullum sabon sa ake yi, kuma masu hannu a cikinsa suna da yawa: iska, dokokin kare rayuka, rigingimun ƙasashe, cunkoson filaye, da lissafin man da kamfani zai ƙona. Ina ganin duk mai hawa jirgi ya cancanci ya san yadda abin yake, domin rashin sani ne ke sa mutum ya tsara tafiyarsa a kan lambar da ba ita ya kamata ya dogara da ita ba.

Mu fara da nisan kansa, don shi ma akwai ruɗu a cikinsa. Taswirar da yawancinmu muka saba gani a bango ko a waya ta samo asali ne daga tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa. An shimfiɗe duniya a kan takarda, alhali ita dunƙulalliya ce, shi ya sa duk abin da ya yi kusa da ƙuryar arewa ko ta kudu yake kumbura. A kan irin wannan taswira tsibirin Girinlan yana neman yin girman Afirka, bayan kuwa Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Idan ka ja miƙaƙƙen layi a kan wannan takarda tsakanin birane biyu masu nisa, ba ka samo gajeriyar hanya ba. Gajeriyar hanya ita ce wadda za ka samu idan ka ɗauki taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ka ɗora zare a kan biranen biyu ka ja shi ya miƙe. Layin da zaren ya bi wani yanki ne na abin da ake kira babbar da'ira, wato da'irar da in an cika ta za ta raba duniya gida biyu daidai.

Madrid ta Sifaniya da New York suna kusan layi ɗaya, dukkansu wajen digiri 40 arewa da ikwaita. Hankali zai ce jirgi ya fuskanci yamma kawai ya miƙe. Amma in ya yi haka ya ƙara wa kansa fiye da kilomita 150 a banza. Gajeriyar hanyar tana karkata arewa ne tukuna sannan ta gangaro. Idan tafiyar ta fi haka tsawo, karkatar ta fi haka ban mamaki: jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles yakan bi ta kusa da ƙuryar arewacin duniya, wanda kuma ya tashi daga Santiyago ta Chile zuwa Sidni ta Ostareliya yakan nutsa kudu sosai, wajen Antatika. Fasinjan da ke kallon allon da ke gaban kujerarsa zai ga kamar matuƙi yana zagaye da su. Ba zagaye yake ba, allon ne a shimfiɗe.

Wannan nisa na babbar da'ira shi ne lambar da shafukan intanet ke bayarwa idan ka tambayi tazara tsakanin filaye biyu. Sai a lura da ma'auni, domin iri uku ne ke yawo. Akwai kilomita, akwai mil na ƙasa mai mita 1,609, akwai kuma mil na teku mai mita 1,852, wanda shi ne matuƙa ke aiki da shi. Tazarar Landan da New York ɗin nan, mil 3,450 ce a na ƙasa, kusan 3,000 a na teku. Mutum biyu na iya yin gardama a kan lamba alhali kowa na da gaskiya.

Jiragen fasinja na yau, idan sun kai tsayin da suke tafiya a kai, wato tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun kilomita 830 zuwa 900 da ɗoriya a awa. Amma wannan gudu a cikin iska ake auna shi, ita kuma iskar ba a tsaye take ba. A nan ne gizo ke saƙar. Mai tuƙa kwale-kwale a kogi ya san cewa ƙarfin hannunsa ɗaya ne ko ya bi ruwa ko ya yi gaba da shi, amma isa bakin gaɓa ba ɗaya ba ne. A can sama, daidai tsayin da jirage ke bi, akwai wasu kogunan iska masu tsananin gudu da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a yankunan da ke tsakanin ikwaita da ƙuryoyin duniya. Abin da ke haifar da su shi ne bambancin zafi tsakanin iskar yankuna masu ɗumi da ta yankuna masu ƙanƙara, sai juyawar duniya ta karkata kwararar zuwa gabas. Gudunsu yakan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, ya ma zarce 300 a lokacin hunturu, sa'ad da bambancin zafin ya fi tsanani.

Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa, in ya samu iska mai gudun 200 a bayansa, a ƙasa 1,100 yake ci. In ya fuskance ta kuwa, 700 kawai. Shi ya sa jiragen da ke zuwa Turai daga Amurka suke neman kogin iskar su shiga cikinsa, masu zuwa Amurka kuma suke kauce masa ko da hakan zai tsawaita musu hanya. A kan arewacin Tekun Atlantika ma, ba hanya ɗaya ce dindindin ba. Kullum cibiyoyin kula da zirga-zirgar jirage na Gander a Kanada da na Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ailan suna duba hasashen iska su zana hanyoyin da za a bi a ranar. Hanyar jiya ba lalle ta zama ta yau ba.

A watan Fabrairun 2020, lokacin da guguwar da aka yi wa laƙabi da Ciara ta tunkari Birtaniya, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Gudunsa a ma'aunin ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa a wani wuri. Wasu sun ɗauka ya wuce gudun sauti. Bai wuce ba, domin a cikin iskar da ke ɗauke da shi gudunsa na yau da kullum yake yi.

Akwai wani bayani da ake yawan ji, cewa wai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi, shi ya sa wani ɓangaren ya fi sauri. Bayanin yana da daɗin ji amma ba daidai ba ne. Gaskiya ne duniya na juyawa zuwa gabas, a ikwaita ma da gudun kusan kilomita 1,670 a awa. Sai dai tana juyawa ne tare da iskar da ta lulluɓe ta, da filin jirgin, da jirgin kansa tun kafin ya ɗaga. Da a ce bayanin gaskiya ne, ai tafiya yamma ce za ta fi sauri, tunda New York za ta riƙa tahowa tana tarar jirgin. Abin da ake gani akasin haka ne. Hannun juyawar duniya a cikin lamarin bai wuce karkata kogunan iskar nan ba. Wata shaida kuma ita ce tafiyar arewa zuwa kudu: tsakanin Landan da Johannesburg akwai kusan kilomita 9,000, kuma tafiya da dawowa duka wajen awa 11 ne, bambancin kaɗan ne, domin jirgin yana ratsa kogunan iskar ne, ba bin su yake ko fuskantar su ba.

Ko babu iska, jirgi ba ya samun bin zaren nan yadda yake so. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin jiragen sama ta tabbatar cewa kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta. In ta rufe, an rufe. A Fabrairun 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasashen Turai sun hana jiragen Rasha shiga samaniyarsu, ita ma ta rama. Kamfanin Finnair na ƙasar Finlan, wanda ya gina kasuwancinsa kan cewa Helsinki ce gajeriyar ƙofa tsakanin Turai da gabashin Asiya, ya wayi gari tafiyarsa zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 9 ta koma wajen 13. Helsinki ba ta matsa ba, Tokyo ma haka. Daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021, lokacin da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, jiragen Katar sun riƙa zagayawa ta samaniyar Iran. A Agustan 2023 da Nijar ta rufe samaniyarta na kusan wata guda, a daidai lokacin da ta Sudan take rufe saboda yaƙi, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi dogon zagaye. Wani lokaci ma ba rufewa aka yi ba, kamfanoni ne ke guje wa wuri don tsoron abin da ya faru a Yulin 2014, sa'ad da aka harbo jirgin Malaysia Airlines a gabashin Yukiren, mutum 298 suka rasu. A ganina duk awar da aka ƙara wa fasinja don kauce wa irin wannan wuri, awa ce da ba ta da abin ƙorafi.

Dokar kare rayuka ita ma tana lanƙwasa hanya. Jirgi mai inji biyu dole ya kasance a ko da yaushe yana da filin da zai iya kaiwa da inji ɗaya in ɗayan ya mutu. A da, iyakar ita ce tafiyar minti 60, abin da ya sa manyan tekuna suka zama na jirage masu inji uku ko huɗu. Daga 1985 aka fara sassautawa zuwa minti 120 a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS, daga baya 180, yau kuma akwai jirage irin Airbus A350 da aka amince musu har minti 370, saboda injinan zamani ba kasafai suke mutuwa ba. Wannan ya miƙar da hanyoyi da yawa a kan Tekun Fasifik da kudancin duniya. Sai kuma hadari mai tsawa, wanda matuƙi ba ya ratsa shi, zagaye shi yake, da wuraren da sojoji suka keɓe don atisaye.

Yanzu mu dawo kan lambar da ke tikiti, domin ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Lokacin da kamfani ya rubuta ba lokacin da jirgi ke sama ba ne. Ana fara ƙirga shi ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, a tsaya sa'ad da ya tsaya cik a inda zai sauke su. A ciki akwai tura jirgin baya, da tafiyar hawainiya zuwa titin tashi, da jiran layi, wanda a manyan filaye irin na New York kan iya cin minti 20 ko 30. Akwai hawa, akwai sauka, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 yawancin ƙasashe sun ƙayyade gudu, bai wuce kusan kilomita 460 a awa ba. In an iso filin da ya cika, kamar Heathrow mai titi biyu kacal, ana iya sa jirgi ya yi ta kewaye a sama har layi ya zo kansa.

Waɗannan abubuwa kusan adadinsu ɗaya ne ko tafiyar gajeriya ce ko doguwa, shi ya sa gajeriyar tafiya ta fi jin nauyinsu. Daga Landan zuwa Paris kilomita 350 ne kawai. Da gudun tsakiyar sama za a yi ta duka, da ba ta kai rabin awa ba. Amma a tikiti awa ɗaya da kwata ko fiye za ka gani, domin jirgin bai gama hawa ba an fara shirin sauka. Ga mai son ƙiyasi da kansa, hanya mai sauƙi ita ce ya raba kilomitocin da 800, ya ƙara rabin awa ko ɗan fiye. Ga Landan da New York lissafin zai ba da awa bakwai da rabi, wato tsakiyar tafiya da dawowa. Daga nan sai ya tambayi kansa: gabas za ni ko yamma, kuma akwai ƙasar da za a zagaye?

Kamfanoni kuma suna ƙara 'yan mintuna a jadawalinsu da gangan. A ƙa'idar da aka saba, jirgin da ya iso cikin minti 15 bayan lokacin da aka rubuta ana lissafa shi a matsayin wanda ya zo a kan kari, kuma kowane kamfani na son sunansa ya fito a cikin masu cika alkawari. Shi ya sa za ka ji matuƙi ya ba da haƙurin jinkirin tashi na minti 20, amma a sauka daidai lokaci. Wasu na kallon wannan a matsayin wayo. Ni ban ga laifinsa ba matuƙar bai wuce kima ba, domin wanda ke da wani jirgin da zai kama a gaba ya fi buƙatar lokacin da zai tabbata a kan lokacin da ya yi kyau a takarda. Abin da ba na so shi ne a riƙa tallata shi a matsayin ƙwazo.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne jiragen yau ba su fi na shekarun 1960 gudu ba. Boeing 707 na wancan zamani yana gudu daidai da na yanzu, ko ma ya ɗan fi wasunsu. Dalili shi ne da zarar jirgi ya matso kusa da gudun sauti, turjiyar iska tana ƙaruwa sosai, mai kuma ya riƙa ƙonewa ba kan gado. Jirgin fasinja mai suna Concorde ya tsallake wannan shinge, yana gudun fiye da kilomita 2,100 a awa, yana haɗa Landan da New York cikin kusan awa uku da rabi. A Fabrairun 1996 ma ya yi ta cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. Amma fasinja kusan 100 kawai yake ɗauka, yana shan mai mai yawa, ƙararsa kuma ta sa ba a yarda ya yi cikakken gudunsa a kan garuruwa ba. A 2003 aka ajiye shi. Tun daga nan abin da masu ƙera jirage suka sa gaba shi ne nisan zango da tsimin mai. Sakamakon haka ne ake da tafiya irin ta Singapore Airlines tsakanin Singafo da New York, fiye da kilomita 15,300 ba tsayawa, awa 18 zuwa 19 a cikin Airbus A350. A irin wannan tsawo iska ta fi taswira iko: sau da yawa jirgin kan bi ta Fasifik a tafiya, ya dawo ta Atlantika da Turai, wato gabas yake fuskanta a duka biyun.

Saura agogo, wanda shi ne ya fi jefa matafiya cikin kuskure. Lokacin tashi da na sauka da ke tikiti, kowanne da agogon garinsa aka rubuta shi. Landan tana gaban New York da awa biyar a mafi yawan shekara. Wanda ya tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe ya yi awa takwas a hanya, zai sauka ƙarfe 1 na rana a agogon New York, kamar awa uku kawai ya yi. In ya taso daga New York ƙarfe 7 na yamma ya yi awa bakwai, zai sauka ƙarfe 7 na safe, kamar ya yi awa 12. Tafiyar da ta fi gajarta ita ce ta fi tsawo a ido. A Fasifik abin ya fi haka rikitarwa saboda layin da kwanan wata ke canzawa a kansa: wanda ya bar Tokyo ƙarfe 5 na yammacin Litinin a lokacin bazara, bayan awa goma zai sauka Los Angeles ƙarfe 11 na safiyar Litinin ɗin nan dai. Ga shi kuma ba duka ƙasashe ne ke da bambancin cikakkiyar awa ba, Indiya tana da rabin awa a kai, Nepal minti 45. Amurka da Turai suna matsar da agogonsu gaba da bazara su mayar da kaka, kuma ba rana ɗaya suke yi ba, don haka akwai 'yan makonni a shekara da bambancin Landan da New York ke zama awa huɗu. Matuƙa da masu kula da zirga-zirga sun huta da wannan duka, agogo ɗaya suke amfani da shi a duk duniya, wato UTC.

Wanda zai canza jirgi a hanya shi ya fi kowa buƙatar kula. Tikitin da ya fi arha sau da yawa yana bi ta wani babban filin da ba ya kan zaren nan ko kusa, ya ƙara dubban kilomitoci da awoyin jira. Sannan a duba haruffa ukun da ke nuna filin, kada a tsaya ga sunan birni. Landan tana da Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da City, kuma tsakanin Heathrow da Gatwick tafiyar mota ce ta kusan awa guda in hanya ta yi kyau. Filin Beauvais da wasu kamfanoni ke sayarwa da sunan Paris yana da nisan kilomita fiye da 80 daga birnin. In jirgin farko yamma zai fuskanta a lokacin hunturu, kuma tikitin biyu ba a haɗe aka saye su ba, a bar tazarar awa uku ko fiye a tsakaninsu, domin in iska ta cinye awa guda, kamfani na biyu ba shi da alhakin jiran kowa.